Waɗanda suka hau dutsen Kebnekaise, me kuka tarar?

Ɗalibi a Lulea: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da niyyar hawan Kebnekaise, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Suwidin, cikin watan Agusta idan Allah ya kai mu. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su ba ni labari.

Ma'aikaciyar jinya a Kiruna: Wa alaikumus salam, ƙanena. Titi yana ƙarewa ne a ƙauyen Nikkaluokta, daga nan sai tafiyar ƙasa ta kilomita 19 kafin masaukin da ke gindin dutsen. Mun bi hanyar yamma, kuma abin da ya karya mini gwiwa shi ne, bayan mun sha wuya mun hau tsaunin Vierranvarri, sai hanyar ta sake gangarawa kusan mita 200 cikin duwatsu masu zamewa, kafin a fara hawan gaskiya. A farkon Yuli muka je, lokacin da rana ba ta faɗuwa, don haka da lokacin Makka na yi salloli.

Injiniyan ma'adinai: Ni sunan ne ya tsaya mini a rai. Wani dattijo ɗan ƙabilar Sami, 'yan asalin wannan yanki, da muka sha gahawa tare ya nuna mini dutsen Tuolpagorni, wanda kansa yake da kwarmi tamkar tukunyar da aka girka a murhu, ya ce Giebmegaisi, wato Kebnekaise, a harshensu na nufin ƙololuwar tukunya, kuma ana ganin asalin sunan na wancan dutsen ne, masu zana taswira suka ɗora wa maƙwabcinsa. Wanda ya kalli duwatsun biyu da idonsa zai yi wuya ya musa, domin Kebnekaise ba shi da kamar tukunya ko kaɗan.

Malamar jami'a a Istokholm: Malam, ka san cewa ƙololuwa biyu ce. Ta arewa dutse ne zalla mai tsawon mita 2,096.8. Ta kudu kuwa, wadda Bafaranshe Charles Rabot ya hau a 1883, tulin ƙanƙara ce da ke narkewa, har awon da masu bincike na tashar Tarfala da ke kusa da dutsen suka yi a 2019 ya nuna ta koma mita 2,095.6, ta zama ƙanwa. Ranar da na hau, ruwa na gudana a ƙarƙashin takalmina, kuma wurin tsayawar siriri ne ƙwarai, ga rami dama da hagu. Kada ka taka wannan ƙanƙara sai ka ɗaura wa takalminka ƙarafa masu tsini.