Neman shawara: a ina ya kamata in kafa labarin fursunonin?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta. Daga Bauchi nake, kuma wata shida ke nan ina fama da ƙagaggen labarin tarihi a kan fursunonin tsibiran Andaman da ke cikin teku gabas da Indiya, inda Turawan Ingila suka riƙa jibge ɗaurarrun Indiya daga 1858, suka kuma kammala babban kurkukun garin Port Blair a 1906. Zamanin da na zaɓa shi ne daga Maris 1942, lokacin da sojojin Japan suka ƙwace tsibiran a Yaƙin Duniya na Biyu, zuwa 1945. Damuwata ita ce ban taɓa ganin teku ba, ban san abincinsu ko maganarsu ba, shi ya sa duk babin da na rubuta sai ya fito kamar rahoto. In ci gaba ne, ko in dawo da labarin gida?

Wani malamin tarihi daga Gombe:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki lura cewa an mayar da fursunonin siyasa Indiya tun 1937 da 1938, saboda haka idan jaruminki ɗan gwagwarmaya ne, yaƙin bai same shi a can ba. Shawarata ki dawo gida, domin yaƙin nan ya iso ƙofarmu. Da Japan ta kama Malaya, wato yankin ƙasar Malesiya ta yau, a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnati ta tilasta wa talakawan lardunan Arewa, har da Bauchi, aikin haƙa a Jos da Bukuru da Barikin Ladi har zuwa 1944. Ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar mutane, kuma sanyin dutse da ƙarancin abinci da cututtuka sun hallaka da yawa.

Wata marubuciya daga Azare:
Malam ya yi gaskiya, amma 'yar'uwa kada ki kira waɗannan mutane fursunoni, domin babu alƙalin da ya yanke musu hukunci, kuma a nan ne ɗacin labarin yake: magidancin da bai saci ko anini ba an raba shi da gonarsa da iyalinsa. Idan kina son ɗaurarre na gaskiya, ki sa wani ya gudu daga bariki, dogarai su kamo shi, a kai shi gidan yarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Ki kuma yi lissafin lada da sule da taro da kwabo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tuna kakata tana ambaton wani yayanta da aka tafi da shi aikin kuza bai dawo ba, ban kuwa taɓa tambayarta sunan barikin ba. Ranar Juma'a, in sha Allahu, zan je wurinta da littafin rubutuna.