Tayoyin bayan tirelata suna kamewa in ba kaya, wutar ABS kuma ta ƙi mutuwa

Direban Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai, dan Allah shawara nake nema. DAF nake ja, bodin kuma mai aksil uku ne irin na Turai mai EBS, wato birki mai aiki da kwamfuta. Yau sati uku kenan wutar nan ruwan ɗorawa ta ABS ɗin tirela (na'urar da ke hana taya kamewa in an taka birki) ta kama a dashbod, wani lokacin ta mutu da kanta, da na faɗa rami sai ta dawo. In da kaya birki yana ci lafiya lau, amma da na sauke na juyo ba komai, ko ɗan taɓa birki nayi sai tayoyin baya su kame su dinga ja a kwalta, ga hayaƙi ga warin roba. Shekaranjiya na sauke kaya a Jos ina gangarowa Hawan Kibo ana yayyafi, na taka kaɗan kawai sai na hango bodin a madubi ya fara yin gefe, wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, yaron motata salati kawai yake. Tayoyi biyu sun riga sun goge waje ɗaya, ana tafiya kana jin dum dum.

Sannan da daddare in na taka birki danjar baya tana dusashewa, siginar hagu kuma ta ɗan kawo haske alhali ban kunna ta ba. Na kai wa wani mai wayarin ya canza fis biyu ba abinda ya canza, ƙarshe yace wai a cire wutar dashbod ɗin kawai in huta. Wani bakanike kuma yace babban bawul ɗin bodin ne ya mutu sai an sayi wani, kuɗin ba kaɗan bane kuma maigidana ba zai yarda ba sai da hujja. Ta ina zan fara?

Mai Wayarin Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa oga. Kar ka sayi bawul tukuna, inaga matsalarka bata wuce bayan kan motar ba, wajen igiyoyi. Akwai tiyon iska biyu, ja mai cika tankin bodi da rawaya mai kai saƙon birki, sai igiyar fitilu, sai kuma igiyar EBS mai kauri wadda soket ɗinta yake da hannun kullewa. Ita wannan ce take ba kwamfutar bodin wuta. Kwamfutar ce ke auna nauyin kaya daga iskar balan-balan ɗin aksil ta rage ƙarfin birki in ba kaya. To in wuta ta yanke mata sai birkin ya koma na iska zalla, ya dinga ci da ƙarfin cikakken lodi ko da bodin wayam yake, ABS ɗin ma babu. Kaga shi yasa da kaya baka jin komai.

Ka zare igiyar ka duba soket ɗin, baki bakwai ne kuma akwai lamba jikin kowanne. Na 1 wuta ce mai volt 24 kullum, na 2 sai an murɗa ki take zuwa, na 3 da na 4 at ne, wato hanyar da wuta ke komawa, na 5 shi ke kunna wutar dashbod, 6 da 7 kuma ta nan kan mota da bodi suke magana. Kuma dan Allah kar a tsaya ga mita kaɗai, domin waya ko sili ɗaya ya rage a cikinta mita zata nuna maka 24, sai an ɗora mata aiki take faɗuwa. A sa ƙwan fitila mai wat 21 tsakanin 1 da 4, sannan 2 da 3, yaronka ya dinga jijjiga igiyar yana lanƙwasa ta kana kallon ƙwan. In ya yi ƙifta-ƙifta ka kama ɓarawonka. Mafi sauƙi ma ka ari igiyar wani a faki ka gwada.

Maganar danja da sigina kuwa at ne ya mutu a soket ɗin fitilu, baki na 1 farar waya. Wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta cikin ƙwan sigina. Wasu suna cewa ai ƙarfen da bodi ya hau kai zai ɗauki at, ina, wajen da yake cike da giris. Kuma yawancin irin bodin nan ana haɗa musu wutar ko-ta-kwana daga wayar danjar birki saboda in igiyar EBS ta yanke, to a motarka at ɗin can ma ya lalace, ita ma bazata yi aiki ba.

Baba Tsohon Direba:
Ɗana ka ji maganar mai wayarin nan. Ni abu ɗaya zan roƙe ka, kafin a gyara kar ka yarda kowa ya sassauta maka birkin baya ko ya toshe tiyon rawaya wai don taya ta daina ja. Na ga waɗanda suka yi haka, sun ji daɗi ba kaya, ranar da suka ɗauko lodi a gangara kan motar kaɗai ya rage yana riƙe ta, lainin birki ya yi zafi birki ya tafi. Wutar dashbod kuma ka barta, ita ce take gaya maka gaskiya. In dole sai ka bi gangara ka sa ƙaramar giya tun daga sama, ruwan sama kuwa ka faka ya wuce. Kuma ku dinga zubar da ruwan tankin iska kowace safiya, yaran yanzu basa yi.

Bakaniken Iska:
Na yarda waya ce ta fi kama da laifi amma kar a wanke ɓangaren iska ba a auna ba. A sa wa taya waigi, a saki birkin hannu, a ɗaura geji a bakin tiyon rawaya. Ba a taka ba ya zama sifili, ana takawa ya dinga hawa a hankali. In yana tsalle lokaci ɗaya ko yana riƙe iska bayan an ɗaga ƙafa, bawul ɗin da ke kan motar ne mai tura wa tirela iska, ba na bodi ba. Kuma in an taɓa buɗe hob ɗin taya kwanan nan a duba sensar ABS mai auna gudun taya, sau da yawa ja baya kawai take yi, a tura ta har ta taɓa zoben nan mai haƙora. A mita lafiyayya tana ba da tsakanin om 900 zuwa 2000.

Direban Gusau:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da bayani. Yau da safe muka yi gwajin ƙwan, tsakanin 2 da 3 yaro na taɓa igiyar ya mutu. Muka warware wani tsohon tef da aka naɗa a tsakiyarta, ashe ta daɗe tana gogar ƙarfen bayan kai, waya ɗaya sili biyu ne kawai suka rage sun yi kore shar. Soket ɗin fitilu kuma da muka buɗe ruwa ne ya zubo, farar wayar ta fita daga sukurunta gaba ɗaya. Na sayi sabuwar igiya, aka gyara at ɗin aka ƙara wani zuwa shasi. Na murɗa ki wutar ta kama ta mutu, na gwada birki ba kaya a filin faki, taya ko ɗaya bata ja ba. Baba na gode, ban bari an taɓa birkin ba. Oga bakanike gejin rawaya ne ban samu ba a nan, sai na isa Kaduna jibi in sha Allah zan sa a auna. Yanzu dai da roba na ɗaure sabuwar igiyar sama don kar ta sake goga, in akwai wanda ya san inda ake samun sifirin ɗin ratayewa a Fanteka ya taimaka min.