Neman kalma: tashar labarai ta "cable" mai hidimar yanki guda, me za mu kira ta?

Mai Fassarar Dare:
Assalamu alaikum malamai. Ina da rubutun da za a karanta a rediyo ranar Alhamis da safe, kuma dole in miƙa shi daren Laraba. Batun shi ne tarihin News 12 Long Island ta Amurka, wadda kamfanin Cablevision ya buɗe ranar 15 ga Disamba 1986, ita ce ta farko a ƙasar da ta riƙa kawo labaran yanki guda dare da rana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "regional cable news channel", ga shi ya cika takardar daga sama har ƙasa. Na rubuta "tashar labaran tauraron ɗan'adam ta shiyya", amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Injiniyan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yaya, fara cire tauraron ɗan'adam ɗin nan, domin kishiyar abin ce ma. Ga yadda yake aiki. Kamfani yana da cibiya guda inda yake tattara tashoshi, wasu ta faranti, wasu ta eriya, wasu daga ɗakinsa na shirye-shirye. Sai ya jera su, kowace da gurbinta, a tsarin Amurka faɗin megahaz 6, ya tura su duka cikin waya ɗaya. Wayar irin wadda ke shiga bayan dikoda ce: jan ƙarfe a tsakiya, farar roba kewaye da shi, saƙar ƙarfe a kai don kare shi daga kutsen wasu sigina, sannan baƙar riga. Ana bin falwayoyi da ita ko a binne ta, ana sa na'urar ƙara ƙarfi bayan kowane 'yan ɗaruruwan mita saboda sigina na raguwa da nisa, sannan a ja reshe zuwa kowane gida. Idan ruwa ya shiga mahaɗi ko an yawaita rassa, hoto ya yi yayyafi. Gidan da waya ba ta kai ba, ko ya kafa eriya mai tsawon rimi ba zai ga News 12 ba a wancan lokacin. Ni "kebul" zan ce kawai.

Hajiya Mai Gyaran Rubutu:
Kebul ɗin ce mafi kusa, amma akwai tarko. A bakin mutanenmu duk abin da ake biya a wata don a kalli ƙwallo kebul ne, ko da faranti ne a kan rufi. Har kamfanonin da aka riƙa kira kebul a biranenmu a shekarun 1990, da yawansu ta iska suke turo sigina zuwa ƙaramar eriya. Saboda haka in ka ce kebul ka yi shiru, mai sauraro DStv zai hango. Ka sa bayani sau ɗaya a farkon shiri: "wato wadda ake kai wa gidaje ta waya, a biya kuɗin wata". Daga nan ka ci gaba da kebul abinka.

Tsohon Malami:
Subhanallah. Ɗa ya zo neman kalmar Hausa an miƙa masa Turanci an ɗaura mata zane. Kebul kuma? Ai shi ne kebur ɗin da ake zane yara da shi. Hausa ba ta talauce ba. Ku dubi bayanin da Injiniya ya yi da bakinsa: cibiya guda, babbar hanya ta fito, ta rarrabu ƙanana har ta kai kowane gida. Wannan ai jijiya ce, yadda take ɗaukar jini daga zuciya zuwa yatsa. Ina ba da shawarar "tashar jijiya". Mai labaran yanki kuwa muna da shi tun kafin Bature, shi ne sankira. Don haka: Sankiran Jijiya. Gajere, namu, ba aro.

Ɗan Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma in aka ce Sankiran Jijiya a rediyo da safe, tsofaffi za su matso kusa su ji maganin ciwon ƙafa.

Tsohon Malami:
Haka aka yi wa "jirgin sama" dariya da farko, ɗana. Yau wa ke cewa wani abu daban?

Hajiya Mai Gyaran Rubutu:
Baba, da girmamawa, "tasha" da ka sa a naka daga Turanci ta zo, "waya" ma haka, "labari" kuma Larabci ne. In za mu kori baƙi sai gidan ya zama kango. Kuma sankira shelar sarki yake yi, ba ya zuwa ya binciko abin da hukuma ba ta so a ji. Za ka canja wa tashar sana'a.

Injiniyan Tudun Wada:
Jijiyar ta kama siffar abin, ban musa ba, amma ta rasa ɓangaren kuɗi, kuma tarihin nan duk na kuɗi ne. Asalin kebul a Amurka wajen 1948 ne, a garuruwan da duwatsu suka tare wa sigina, irin su Mahanoy City a Pennsylvania da Astoria a Oregon. Mutum ya kafa eriya a kan tudu, ya jawo waya cikin gari, ya karɓi kuɗi. CNN ta zo a 1980 ta nuna ana iya labarai ba tsayawa. Charles Dolan, mai Cablevision, ya ga gundumomin Nassau da Suffolk na Long Island da mutum sama da miliyan 2 da rabi, amma gidajen talabijin na birnin New York ba su cika leƙo su ba sai an yi kisa ko gobara. Sai ya ba su tasu: zaman majalisar gari, harajin makarantu, cunkoson hanya, jirgin ƙasan masu zuwa aiki birni, yanayi. Ba ta buƙatar dogon turken watsa shiri, ba ta buƙatar lasin amfani da iska, wayar kamfanin ce hanyarta. Ribar kuma biyu ce. Akwai tallan ƙananan 'yan kasuwa da ba za su iya biyan kuɗin tashar birni ba. Sannan akwai riƙe mai biya: da DirecTV ta shigo a 1994 da farantinta, wanda ya bar kebul ya bar labaran unguwarsa ke nan. Duk kalmar da za a zaɓa, kada ta ɓoye cewa abin na masu biya ne.

Na Damagaram:
Ni kebul ba ta dame ni ba, mu ma nan mun san ta daga Faransanci, kuma a Kamaru masu jan waya gida-gida daga faranti guda sana'a ce sananniya. Abin da ya dame ni "shiyya" ce. Wannan kalmar siyasar Najeriya ce, shiyyoyinku shida. A wurinmu abin da Bafaranshe ke kira région jiha muke cewa: jihar Maraɗi, jihar Tawa. Amma kullum ku zauna a Kano da Kaduna ku yanke, mu sai dai mu ji a rediyo, kamar Hausar ta tsaya a Jibiya.

Ɗan Fagge:
Malam, ba mu muka ce a bi mu ba, kasuwa ce ta bi mu. Littafi a nan ake bugawa, fim a nan ake yi.

Basakkwace:
Kasuwa ta bi ku, Hausa ba ta bi ku ba. Ku da kuka haɗe namiji da mace kuna cewa "mota ne".

Na Damagaram:
Gaya masa dai. Kuma masu sauraron sassan Hausa na gidajen rediyon waje, rabin wasiƙun da ake karantawa a da daga ina suke fitowa?

Mai Fassarar Dare:
Don Allah malamai, daren Laraba. Jiha ba za ta yi mini ba, domin Long Island ba jiha ba ce, ɓangare ne na jihar New York. To shiyya ko yanki ko lardi?

Hajiya Mai Gyaran Rubutu:
Yanki. Dalili kuwa, girman abin ba ɗaya ba ne daga tasha zuwa tasha, kuma yanki ce kaɗai ke miƙewa ta kuma tsuke. News 12 ta fara da gundumomi 2, daga baya aka yi mata 'yan'uwa a New Jersey da Bronx da Brooklyn da sauransu, kowace da nata labaran. NY1, da Time Warner Cable ya buɗe a Satumba 1992, ta birni guda ce, New York, mai gundumomi 5. NECN kuwa, ita ma 1992, jihohi 6 na New England ta haɗa. Shiyya za ta dace da ta ƙarshen kawai. Lardi ya tafi da zamanin En'e. Kuma kunnen Na Damagaram da na Ɗan Fagge duka sun san yanki.

Sai ka kula da inda ka rataya ta. "Tashar labarai ta yanki" na nufin tashar ce ke yankin, ko da labaran duniya take bayarwa, kamar yadda RTK, tashar rediyo da talabijin ta Kaduna, ta kasance ta Jihar Arewa daga 1962. "Tashar labaran yanki" kuwa labaran ne na yankin. Na biyun kake so. Sai "ta kebul" ta biyo baya, ta koma kan tasha: tashar labaran yanki ta kebul. In ka ce "labaran kebul" ka mai da ita tashar da ke ba da labarin wayoyi.

Tsohon Malami:
To ko "ta waya" ku ce mana, tunda kun ce ta zama 'yar gida.

Ɗan Fagge:
Baba, yau in ka ce waya salula ake ji. "Tashar waya" za a ɗauka ta YouTube ce. "Igiya" kuma sai a tambaye ka saura nawa.

Injiniyan Tudun Wada:
Yaya, tunda takardarka tarihi ce, za ka ci karo da wasu biyu, gara ka shirya. Na ɗaya, tsarin da suke kira "wheel". Ba kai-tsaye ake yini ana karanta labarai ba. Ana naɗar zubi na rabin awa, kanun labarai, yanayi, hanya, wasanni, na'ura ta yi ta maimaita shi, in sabon abu ya faru a cire guntun da ya tsufa a sa sabo. Haka ake cika awa 24 da ma'aikata kaɗan. Inda yake ɓaci shi ne mai gabatarwa ya ce "yanzun nan" a naɗi, a yi ta juya shi har la'asar, ko a sabunta rahoto a manta da kanun da ke gabansa. Ni "zagaye" zan ce, ko "zubi mai juyawa". Na biyu, ɗan rahoton da NY1 ta yi suna da shi, wanda shi ke ɗaukar kyamara, ya kafa ta, ya tsaya gabanta, ya koma ya tace. An rage albashin mutum biyu, amma sauti da saitin hoto su ke fara lalacewa, domin ba mai duba masa.

Basakkwace:
Wannan ai "shi ke kiɗa shi ke rawa" ne. Ka faɗe shi haka kowa ya gane.

Tsohon Malami:
Kun gani? Da kuka so ai kun samo ta gida. Kebul ɗin ce dai kuka ƙi wahala a kanta. Kuma na ji ana cewa abin yana mutuwa, to don me za mu ɗauko gawa mu shigar da ita harshe?

Injiniyan Tudun Wada:
Wasu sun mutu, Baba. Northwest Cable News ta Seattle ta rufe a Janairun 2017, CLTV ta Chicago a ƙarshen 2019, saboda mutane na barin biyan kebul suna komawa intanet, ga labarin yanayi da na hanya a tafin hannu. Wasu kuma hannu suka canja: a 2016 kamfanin Altice ya sayi Cablevision, kamfanin Charter ya sayi Time Warner Cable, NY1 ta koma ƙarƙashin sunan Spectrum. News 12 na nan, har ta intanet ana kallonta. Wannan ma dalili ne na barin kebul a matsayin jela: in shirin ya iso shekarun baya-bayan nan sai a yar da ita, a bar "tashar labaran yanki".

Mai Fassarar Dare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan miƙa: "tashar labaran yanki ta kebul, wato wadda ake kai wa gidaje ta waya, a biya kuɗin wata", sau ɗaya a farko, daga nan "tashar" kawai. Na ɗauki zagaye, na ɗauki kiɗa da rawa. Baba, zan ari jijiyarka a wurin bayani: "wayoyin sun ratsa gari kamar jijiyoyi a jiki".

Tsohon Malami:
Kwatance ka mai da ita, ba suna ba. To, ba komai. Amma a rubuta cewa ban yarda da kebul ba, kuma duk ranar da aka zo neman kalmar dikoda a kira ni tun da wuri.

Na Damagaram:
Yanki na karɓa. Mai karantawa dai ya ce kebul a fili, kada ya ce kebur.