Dala dubu shida kan faifai ɗaya, adana tarihi ne ko cin amana?

Auta: Salam jama'a. ni fa maganar Mai Garmaho ta jiya ta tsaya min a rai, wai yana tara kuɗi zai sayi bugun farko na ƙaramin faifan Minor Threat, ƙungiyar kiɗan punk ta Amurka, na 1981. Yaya ka yi haƙuri amma a ganina cin amanar kiɗan ne. Ian MacKaye da Jeff Nelson na Minor Threat ɗin suna samari suka kafa kamfanin faifai na Dischord a Washington a 1980, faifansu na farko na tsohuwar ƙungiyarsu Teen Idles guda 1000 kacal suka buga, da hannunsu suka yanka kwalin suka ninke suka shafa gam, daga baya har farashi suke bugawa a bayan kwali don kar a tsuga wa yara kuɗi, yanzu kuma a ce sai mai hannu da shuni ne zai iya taɓa shi?

Mai Garmaho: Auta ai abin da ka lissafa ɗin nan shi nake so na saya. Na taɓa riƙe irinsa a wani shago, ninkin ya ɗan karkace, gam ɗin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ga takardar baitoci a ciki ta yi laushi saboda yawan buɗewa, wlh sai da tsigar jikina ta tashi don na san hannun wani yaro ne ya yi aikin nan shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Waya ba za ta ba ka wannan ba

Maman Biyu: Malam na yarda da kai kan wannan, amma faɗa min na ƙungiyar Judge fa? wanda suka ɗauka a situdiyon Chung King na New York. Su kansu mawaƙan ba su gamsu da yadda sautin ya fito ba, sake ɗauka suka yi, kamfanin Revelation ya buga guda 110 kawai a 1989 don a lallashi waɗanda suka riga suka biya kuɗi suna jira. Abin da masu shi suka ƙi ne fa aka saya sama da dala 6,000 a shafin cinikin faya-fayai na Discogs a 2015. Wannan ba kiɗa aka saya ba, ƙarancinsa aka saya

Mai Garmaho: Gaskiya Hajiya wannan kam ba zan kare shi ba, ko ina da kuɗin ba zan saya ba.

Auta: To ka gani!

Baffa: Dakata Auta kar ka yi saurin murna. Wa aka hana ji? Tun 1984 Dischord suka tattara ƙananan faifai huɗu na farko-farkon nan, har da na Teen Idles da na SOA ƙungiyar Henry Rollins, suka mayar da su babban faifai guda saboda na asalin sun ƙare. Mai son ji ga shi nan da araha. Mai son kwalin asali kuma aljihunsa ne. Ni abin da ke ci min rai daban ne, mahaifinmu yana da faya-fayan garmaho cike da akwatin ƙarfe, da ya rasu ba wanda ya ga darajarsu aka bar su a ɗakin ajiya zafi ya lanƙwasa su, wasu yara suka riƙa wurgi da su a tsakar gida kamar faifan tuwo. Yau ko ɗaya babu. Da akwai mai kwaɗayinsu a gidan da sun tsira

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Baba. amma Baffa akwai bambanci tsakanin mai adanawa da ɗan kasuwa, wasu fa ko allura ba sa ɗora masa, a leda yake a kulle suna jiran farashi ya tashi kamar masu ɓoye hatsi

Mai Garmaho: Ni nawa duk ina kunnawa, ko da kuwa kowane juyi yana ɗan cin faifan. Kuma 'yan kasuwar nan su suka jawo jabu ya yi yawa, an taɓa sayar min wai bugun farko ne, sai da ya iso na karkata shi a hasken fitila na duba rubutun da ake kartawa a santsin da ke kusa da tambarin tsakiya, na ga lambar ba ta yi daidai da ta asali ba, mai sayarwar kuma ya daina amsa saƙo. Kuɗina sun tafi har yau.

Auta: Allah ya mayar da alheri Yaya. Amma ni har yanzu ina kan bakana, akwai yara yanzu haka da ke buga nasu ɗari biyu ɗari uku suna sayarwa da kansu a bakin ƙofar wajen wasa, kuɗin faifanka ɗaya zai sayi nasu da yawa kuma hannun mai kiɗan zai shiga. na gwanjo kuwa ko sisi MacKaye ba zai gani ba

Mai Garmaho: Wannan ta shige ni. Turo min sunayen waɗanda kake ji zan saya, amma asusun Minor Threat ɗina kam ban fasa ba, saura kaɗan ya cika.