Lambobin 'Yan Besbol: Asiri Ne Ko Dace?

Ɗan Bronx: Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina tuƙa tasi kusa da filin Yankees, kulob ɗin besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda) na New York, kuma maganar da ake yi cewa akwai asiri a lambobin wasan nan ta tsaya min a rai. Wani fasinja ya nuna min lissafi a wayarsa: a ba A ɗaya, B biyu, har Z 26. TY COBB ya ba da 67, RUTH ma 67, manyan gwanayen besbol biyu. Cobb kuwa ɗan ƙungiyar asirin nan ta Firimason ne, ba ɓoyayye ba. Ƙwallon ɗinki 108 gare ta, 'yan kulob ɗin Chicago Cubs kuma sun shekara 108 ba kofi, daga 1908 zuwa 2016. Wallahi ban yarda duk dace ba ne.

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam ƙanena. Na tara lissafin da kaina, 67 ɗin daidai ne. Amma me ya sa aka ɗauki sunan Ty Cobb duka biyu, Ruth kuma aka yar da rabin nasa? Sunansa na yanka George Herman Ruth. Kuma ɗan Katolika ne, alhali cocinsu ta hana mabiyanta shiga Firimason tun 1738.

Ɗan Bronx: To Malam, Alexander Cartwright fa, ɗaya daga cikin magabatan besbol, na kulob ɗin Knickerbocker na 1845? Shi ma ɗan ƙungiyar ne. Filin kansa kamar tambarinsu yake. 'Yan wasa tara, zagaye tara, kuskuren duka uku ka fita.

Uwar Biyu: Yaya, zagaye taran a 1857 aka tsayar da shi. Kafin nan wanda ya fara cin maki 21 shi ke da nasara. Da asiri ne ai da tun farko da shi za a fara. Lambar riga ma haka: a 1929 Yankees sun raba ta bisa jerin masu duka. Ruth ne na uku ya samu 3, Lou Gehrig na bin sa ya samu 4.

Malamin Zaure: Bari in kawo ka gida, don wannan sana'ar ba baƙuwarmu ba ce. Yahudawa na ce mata gematariya, mu muna cewa hisabi. Ina yaro na zauna gaban wani tsoho yana buga sunayen masu neman aure a faifan yashi, alif ɗaya, ba biyu, jim uku. Wata rana ya ce sunan wani saurayi bai hau da na yarinyar ba. Uwar ta fita tana share hawaye da bakin mayafi, aka fasa. Sai da na girma na gane jerin abajada biyu ne. Na Gabas sin 60 ce, na Magrib da malamanmu suka gada sin 300 ce. Bisimillah da ake rubutawa 786, a namu jerin 1026 take bayarwa. Da tsohon ya bi ɗaya jerin, wataƙila da an ɗaura auren nan. Har yau abin yana min ciwo. Masu lissafin Turancin nan su ma jeri da yawa gare su, in wannan bai ba da abin da suke so ba su juya haruffan daga Z.

Ɗan Bronx: Allah sarki. Na ji ta suna, Malam. Amma zaman gwanaye irin su Cobb, Cy Young da Honus Wagner duk a ƙungiyar Firimason fa?

Uwar Biyu: Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai a Amurkar wancan zamani maza fararen fata birjik suke cikinta, daga masu shago har shugabannin ƙasa. Yarjejeniyar ɓoye da ta tabbata a besbol ita ce ta masu kulob da suka hana baƙar fata wasa, har Jackie Robinson ya karya ta ran 15 ga Afrilu 1947. Ita ce ta cuci mutane, kuma ba a buƙatar lissafi kafin a gan ta.

Ɗan Bronx: Na sauka daga kan 67, ƙanwata. Ta 108 ɗin dai har yanzu zuciyata ba ta sake ta ba. Malam, in na zo gida da Sallah zan biyo zaure ka nuna min jerin biyun a allo.