Neman jan bidi da ƙuru a yankin Argungu kafin babbar salla

Ɗan Kabi, Argungu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana doki. Ina so in sayi ingarma jan bidi domin hawan salla, tare da ƙuru, wato doki mai ƙaramin jiki, mai sanyin hali wanda yarana za su koyi hawa a kansa. Wani dillali ya nuna mini dukushi da ya ce jan bidi ne, amma kuɗin da ya yanka ya zarce na sauran dawakin da ke turkensa nesa ba kusa ba. Shin launin kaɗai ya isa ya ɗaga farashi haka, kuma ta yaya zan tabbatar bidin gaskiya ne?

Mai Barga, Gwandu:
Wa alaikumus salam, Malam. Launin yana ƙara kuɗi, domin jan bidi ba shi da yawa kuma yana fito da kayan ado a ranar hawa, amma ka fara tabbatar da abin da aka nuna maka. Bidi na gaskiya farin gashi ne ya cakuɗu da ja a gangar jikinsa, alhali kansa da ƙafafunsa sun fi duhu, kuma haka zai zauna har tsufansa, sai ɗan sauyin da yakan yi tsakanin hunturu da damina. Akwai dukushin da ake haifa ja, furfura ta fara fito masa tun daga fuska da kewayen ido, kowace shekara yana ƙara haske har ya koma kili, wato farin doki. Irin wannan ne ke ruɗin mai saye. Ka duba tabon tsohon rauni idan akwai: a jikin bidi, gashin da ya sake tsirowa a wurin yakan fito ja zalla.

Daga nan sai ka buɗe bakinsa. Doki yana famfarar haƙoran gaba na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na gefensu a 3 da rabi, na ƙarshe a 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Wanda bai fara famfara ba bai isa ɗaukar babban mutum da sirdi da kayan hawa ba, ko da dillali ya rantse.

Baba Shamaki, Talata Mafara:
Abin da Mai Barga ya faɗa daidai ne, sai dai ni ƙafa nake fara dubawa kafin gashi. A sa yaro ya ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, sannan a yi sukuwa da shi, ka saurari numfashinsa bayan ya tsaya. Ka ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka shafa gwiwa da agara ko akwai zafi ko kumburi. Dawakin ƙasar Arewa ta Nijar da ke shigowa ta Kangiwa da Kamba daga ɓangaren Dogondutsi suna da juriya, kuma sun saba da harawa da dusar da muke da ita.

Abu mafi muhimmanci a wurinmu a nan Zamfara shi ne asalin dabba, saboda satar dabbobi ta yi yawa har gwamnati ta rufe kasuwannin mako a watan Satumban 2021. Kada ka biya sai an sallama a gaban shaidu, an rubuta takarda mai sunan mai doki da kamannin dokin, kuma a yanke la'adar dillali tun kafin ka taya.

Ɗan Kabi, Argungu:
Na gode ƙwarai. Dukushin da na gani fuskarsa ta fi jikinsa haske, don haka zan koma da wanda ya san doki. Batun ƙurun fa, Baba?

Baba Shamaki, Talata Mafara:
Ka nemi wanda ya haura shekara 7, wanda yara suka riga suka hau, kuma ka ga yaron gidan ya sa masa linzami da idonka. Idan ya kwantar da kunne ko ya juyo da baya lokacin da aka matso, ka bar shi a turkensa ko da a araha aka sallama maka.