Tayoyi ko sarƙar katafila: wanne ya dace da mutum-mutumin gasa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina jagorantar ƙungiyar ɗalibai da za ta shiga gasar mutum-mutumi a karon farko, kuma kanmu ya rabu a kan ƙafar da za mu sa wa namu. Wasu sun dage a kan sarƙa irin ta katafila, domin a ganinsu, tun da ta fi faɗin taka ƙasa, za ta fi ƙarfi idan aka zo ture-ture da abokan karawa, wasu kuma sun ce tayoyi shida sun wadatar. Filin shimfiɗaɗɗe ne da kafet, sai wani ɗan tudu da ake hawa a ƙarshen wasa. Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan harka su ba mu shawara.

Malamin Fasaha:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hujjar ɗalibanka ta faɗin taka ƙasa ita ce ya kamata a fara warwarewa, saboda a kan dandamali mai tauri ƙarfin turi ya fi dogara ne a kan nauyin da ya danne ƙafar da kuma irin robar da ke taɓa ƙasa. Idan ka shimfiɗa nauyi ɗaya a kan doguwar sarƙa, kowane ɓangare nata zai ɗauki kaso kaɗan, jimillar riƙon kuma ba za ta canza sosai ba. Katafila tana amfana da sarƙa ne don kada ta nutse a taɓo ko rairayi, kafet kuwa ba ya nutsar da komai.

Inda sarƙa take cutarwa shi ne wajen kwana. Mutum-mutumin da ba shi da sitiyari yana juyawa ne idan ɓangare ɗaya ya yi gaba ɗayan ya yi baya, kuma a lokacin dole gaban ƙafar da bayanta su goge kafet ta gefe. Gwargwadon tsawon sarƙar, gwargwadon wannan gugar, har injinan su ja wuta mai yawa, batir ya yi sanyi, na'urar sarrafawa ta katse musu wuta ana tsakar wasa. Wannan ne ya sa firam ɗin tayoyi shida na kamfanin AndyMark, wato gangar jikin mutum-mutumi da ake ba ƙungiyoyi a gasar mutum-mutumi ta ɗalibai mai suna FIRST, yake da tayar tsakiya da aka saukar ƙasa da kimanin milimita 3, ta yadda a kowane lokaci tayoyi huɗu ne suke ɗauke da nauyin, kwana kuma ta zo da sauƙi. Da ni ne, wannan zan zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba.

Mai Walda:
Malam, na yarda da bayaninka, amma kada a yi wa sarƙa rashin adalci. A wasan Stronghold na gasar FIRST a 2016, inda aka cika fili da shingaye da kwazazzabai, ƙungiyoyi da dama sun yi amfani da ita, domin ba ta barin giɓin da ƙarfen shinge zai shige tsakanin taya da taya ya maƙale firam. Sai dai wasu sun tsallake shingayen nan da manyan tayoyin iska masu inci 8. Saboda haka ina ganin siffar tudun nan ce za ta yanke hukunci: idan gangara ce mai laushi, tayoyi sun isa, idan kuwa matakala ce mai kaifin baki, a sake nazari.

Injiniya Mai Horarwa:
Ƙari a kan abin da 'yan'uwa suka faɗa, ku yi tunanin gyara. Sarƙa tana buƙatar a ɗaure ta daidai, in ta yi sako-sako za ta zame daga kan tayoyin da ke juya ta da zarar an buge ku ta gefe, in ta yi tsauri kuma ta cinye ƙarfin injin. Idan ta fita, ɓangaren nan ya mutu gaba ɗaya, alhali taya ɗaya cikin shida tana iya lalacewa a ƙarasa wasan, a canza ta cikin 'yan mintoci kafin zagaye na gaba. Ku ƙera kwafin tudun da katako bisa ma'aunin da ke cikin dokokin gasar, ku ɗora wa firam ɗin cikakken nauyinsa, ku gwada hawa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba dokokin, tudun gangara ce ba matakala ba. Za mu haɗa firam mai tayoyi shida, mu yi gwajin katakon a wannan makon, kuma zan dawo da sakamakon a nan.